Finafinan Asiya masu dogon zango: sun iya ɗaukar labari, amma sun iya sauke shi?

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wanda bai kalli Queen of Tears ba kuma yana da niyyar kallo, ya tsallake wannan saƙon nawa, don zan fasa ƙwai.

Abin da ke damuna da finafinan soyayya na Koriya shi ne, sun iya ɗaukar labari, amma wajen saukewa sai ya suɓuce musu. Ku duba yadda wannan ya fara. Mata da miji, shekara uku da aure, gida ɗaya amma kowa da ɗakinsa. Ba zagi, ba duka, zuciya ce kawai ta yi sanyi tun ɓarin da matar ta yi, kowa ya haɗiye baƙin cikinsa shi kaɗai yana ganin ɗayan bai damu ba. Mijin lauya ne ɗan ƙauye da ya auri 'yar masu kamfanin da yake yi wa aiki, surukai sun ishe shi har ya shirya takardar rabuwa. Ranar da zai yi mata maganar, sai ta riga shi da cewa likita ya ce saura mata wata uku a duniya. Duk matar da ta taɓa zama da miji ana gaisawa amma ba a hira ta san wannan shirun. Da nan suka tsaya suka haƙa, wallahi da sun yi abin da ba za a manta ba.

Amma me aka yi a kashi ukun ƙarshe? Tiyata ta goge wa matar tunani, an ƙulla wa mijin sharrin kisa an kulle shi, ya fito mota ta buge shi, ya sauko daga gadon asibiti ya je ya tare harsashi. Mutum ɗaya! Ina maganar ɓarin? Ina zaman da za su yi su faɗa wa juna gaskiya? Shi ne nake tambaya, haka dukkansu suke, ko kuwa na bincike da kisan kai sun fi riƙe labari? Kuma na Indiya da Sin da sauransu fa?

Ɗan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Maman Ihsan. Ruwa ba ya tsami banza. Shekaru da yawa tsarin manyan tashoshin Koriya, wato KBS da MBC da SBS, shi ne a haska kashi biyu a mako, kowanne kusan awa ɗaya ko fiye, kuma ba a gama ɗaukar fim kafin a fara nunawa. Za a ɗauki 'yan kashi kaɗan a ajiye, a fara haskawa, sauran kuma ana ɗauka ana nunawa. Kafin a kai tsakiya ajiyar ta ƙare. Daga nan marubuciya na can tana rubutu, ana kai wa 'yan wasa takarda shafi-shafi a wurin ɗauka, har ta kai fitowar da aka ɗauka yau ita za a gani a talabijin yau ɗin. A 2011 jaruma Han Ye-seul ta bar wurin ɗaukar Spy Myung-wol ana tsakiyar haska shi ta hau jirgi sai Amurka, tana kukan yawan aiki ba hutu, har tashar ta rasa sabon kashin da za ta saka a daren. To kashin farko an ɗauki watanni ana goge shi, na 13 kuwa a guje aka haɗa shi. Ta yaya za su zo daidai?

Auta:
Yaya, bayaninka ya dace da finafinan da, amma bai rufe wanda Maman Ihsan ta kawo ba. Queen of Tears an gama ɗaukarsa kafin a fara nuna shi a watan Maris na 2024. Tun Descendants of the Sun a 2016 suka ga cewa ana iya kammala fim gaba ɗaya kuma ya karɓu. Ke nan babu wanda ya tsaya a kan marubuciyar da agogo. Da gangan ta zuba haɗarin mota da harbin. Kuma kashin ƙarshe ya samu kusan kashi 25 cikin 100 na masu kallo, ya zarce Crash Landing on You, wanda ita dai Park Ji-eun ɗin ce ta rubuta shi. Suna ba mutane abin da mutane ke zama su kalla ne.

Ɗan Tudun Wada:
Ai Auta tsarin ne ya fara gushewa, ɗabi'ar kuwa ta zauna daram. Kashi 16 ya zama musu kamar doka. In labari ƙarfinsa na kashi 10 ne, dole a nemo abin cike shida, kuma abin cikon sananne ne: rabuwa ba dalili, wai “don na kare ki ne”, mantuwa, babbar mota a mahaɗar titi, sai kuma a gano ai tun suna yara sun taɓa haɗuwa. Ga kuma talla. Tun 2010 dokarsu ta halatta saka kayan kamfani cikin shiri, kuma da kuɗin ake cike gurbin kasafi. Shi ya sa za ka ga hamshaƙin mai kuɗi ya ɗauki budurwa ya kai ta gidan cin abinci na Subway, ko ana tsakiyar bincike ɗan sanda ya ɓare alawar Kopiko yana juya ledar wajen kyamara. A Vincenzo har sai da suka cire wata fitowa ta abincin wani kamfanin Sin bayan 'yan Koriya sun yi ca.

Anti Mai Ɗinki:
Ku dai bari in yi magana, don na ga kun taru a kan na soyayya. Ni ina kan keke nake kallo, wayata a jingine da gwangwanin zare, kuma zan faɗa muku abin da ya riƙe ni.

Kunya ce da kawaici. Mutanen nan sun san cewa so ba a baki yake ba. Ku tuna Crash Landing on You. Iska ta kwashi yarinyar da lemar shawaginta ta jefa ta Koriya ta Arewa, sojan da ya tsince ta ya ɓoye ta a gidansa. Ta taɓa tambayarsa kyandir mai ƙamshi, shi kuma bai san irinsa ba ya kawo mata na haske. Can gaba ta ɓace a kasuwa, dare ya yi, ba wuta, jama'a na ta turereniya, ita kuma ba ta isa ta ɗaga murya ta nemi taimako ba don kada a gane daga Kudu take. Sai ta hango haske ɗaya an ɗaga shi sama cikin duhu. Shi ne, riƙe da kyandir, kuma wannan karon mai ƙamshin ne. Bai ce mata komai na soyayya ba. Ya dai riƙe abin da ta faɗa a ransa. Daga baya ya bi ta Kudu, da zai koma ƙasarsa kuma ya zauna ya jera mata saƙonnin waya da za su riƙa shigowa har tsawon shekara, yana tuna mata ta ci abinci, ta fita ta sha iska.

Wannan shi ne abin da 'ya mace ke nema, a lura da ita. Kuma mu da muka tashi a gidajen da uba ba ya kiran sunan ɗan fari, miji ba ya riƙe hannun matarsa a gaban mutane, wannan salon ya fi kusa da mu a kan na Turawa da ake haɗuwa yau a kwana tare yau. Ga matan ƙauyen nan na Arewa, da gulmarsu da taimakon junansu da ɗauke wuta, kai ka ce matan layinmu ne. Cikin waɗanda suka taya rubutun ma akwai wanda ya tsero daga Arewar, shi ya sa abin bai zama na ƙage ba.

Maman Ihsan:
Anti ban musa miki ko ɗaya ba, fitowar kyandir ɗin nan ni ma ta tsaya mini a rai. Abin da nake cewa, wanda ya iya wannan bai da uzurin kawo mana harsashi. Ƙarfinsu a ƙananan abubuwa yake, amma kamar ba su yarda da ƙarfin nasu ba.

Abu Haidar:
Anti Mai Ɗinki, ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki. Kin kawo mai kyau, bari in kawo wanda ƙannenmu suka fi haddacewa. Boys Over Flowers na 2009, wanda ya fito da Lee Min-ho. Jarumin ɗan masu kuɗi ne da ke manna wa ɗalibi jan kati, makaranta gaba ɗaya ta taru a kansa da duka da wulaƙanci. Yarinyar da ta tsaya masa, 'yar mai wankin kaya, ita ma haka ya sa aka yi mata. Daga baya sai aka ce mana ai sonta yake yi, mahaifiyarsa ce ta hana shi kulawa shi ya sa. Kuma masu kallo suka yafe masa saboda kyakkyawa ne.

Wannan darasin na da haɗari. A fizgi hannun mace a ja ta tana turjewa, a daka mata tsawa, a bi ta duk inda ta je, a hana ta magana da kowane namiji, sannan a saka kiɗa mai taushi a ƙasa. Yarinya 'yar shekara 15 da ke kallon wannan za ta ɗauka mai zafin kishi da wulaƙanci shi ne mai sonta da gaske, kuma haƙurinta zai gyara shi. Mun ga inda wannan tunanin ke kai mata a gidan aure. Ban da wannan, kullum sai mai kuɗi. Talakan namiji a finafinan nan aikinsa ya riƙe mata lema in ana ruwa, ya share mata hawaye, ƙarshe ya koma gefe.

Ummu Sultan:
Ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ƙari a kan haka, giya. Kusan babu fim ɗin Koriya da za a yi kashi biyu ba a zauna da koren kwalbar nan ba. In an yi farin ciki a sha, in an yi baƙin ciki a sha, sai yarinya ta bugu saurayi ya goya ta zuwa gida, wai nan ne soyayya ke ƙulluwa. Al'adarsu ce, ban ce su bari don mu ba, amma masu cewa “na Koriya ba su da matsala, bar yara su kalla” su sake tunani. Waɗanda ake yi wa Netflix kai tsaye kuma ba su ƙarƙashin takunkumin tashoshin gida, don haka kunyar da Anti ke yabo ba lallai ka same ta a can ba. Squid Game ba na zama da yara ba ne ko kaɗan.

Badamagare:
Salamu alaikum. Ni na bincike nake bi, kuma amsata ga tambayar Maman Ihsan ita ce e, sun fi riƙe labari, in aka dace da marubucin kirki. Dalili kuwa, wanda zai rubuta labarin kisa dole ya san wanda ya yi kisan tun kafin ya ɗora alƙalami. Ƙarshen na hannunsa, komai can yake tafiya. Mai rubuta soyayya kuwa da zarar masoyan sun amince da juna a kashi na 8, labarinsa ya ƙare, saura takwas kuma sai ƙirƙiro masifa.

Ku nemi Stranger na 2017. Lauyan gwamnati ne mai gabatar da ƙara, wanda tiyatar ƙwaƙwalwa da aka yi masa yana yaro ta rage masa jin tausayi da fushi da tsoro. Ya je gidan wani ɗan kasuwa ya tarar an kashe shi. Ashe mamacin shi ne mai ciyar da manyan ofishin, kuɗi da mata da shagali, kowa ya ci nasa. Kisa ɗaya ɗin nan shi aka bi kashi 16, kowane kashi zargi na komawa kan wani, har ogansa na ofis. Yana aiki da 'yar sanda mace, suna cin abinci tare, suna yarda da juna, amma har aka gama ba a ce suna soyayya ba. Nan na san marubuciyar na girmama mai kallo. Kuma bos ɗin ba mahaukaci ba ne mai dariya cikin duhu. Mutum ne mai hankali da ya fara karɓar cin abincin rana ɗaya, ya kasa cewa a'a a na biyu. Wanda ya taɓa aiki a ofis ya san haka abin ke farawa.

Auta:
Yaya Badamagare ka manta Signal!

Badamagare:
Ban manta ba ƙanwata, ajiye shi na yi don yana son fili. Signal na 2016 ne. Ɗan sanda a 2015 ya tsinci tsohuwar oba-oba wadda ba ta da batir, sai ga murya na fitowa daga cikinta, ta wani ɗan sanda da ke magana daga shekarun baya, kullum da ƙarfe 11:23 na dare. Wannan ɓangaren ƙage ne, amma laifukan da suke bi an ɗauko su daga na gaske. Babba a ciki shi ne kashe-kashen Hwaseong, inda aka kashe mata 10 tsakanin 1986 da 1991 aka rasa wanda ya yi. Lokacin da aka yi fim ɗin ba a san shi ba. Sai a 2019 gwajin ƙwayar halitta ya nuna wani mutum da ke kurkuku tun 1994 bisa kashe ƙanwar matarsa, ya kuma amsa. Abin takaicin, wa'adin da doka ta ɗiba na gurfanar da shi kan waɗannan ya riga ya wuce, don sai a 2015 Koriya ta soke wa'adin a kan laifin kisa, kuma sokewar ba ta koma kan waɗanda nasu ya cika ba. Mafi ciwo, akwai bawan Allah da ya yi shekara 20 a ɗaure kan ɗaya daga cikin kisan, sai a 2020 kotu ta wanke shi.

To in ka san wannan, ka ji ɗan sandan na baya yana tambayar na gaba ko a zamaninsu ma mai kuɗi da mai mulki na yin laifi su sha, jikinka sai ya mutu. Ƙarfin na binciken Koriya ke nan. Ba wai “wa ya kashe” kawai suke tambaya ba, suna tambayar wa ya rufe, wa ya karɓi kuɗi, wa aka ɗaure a madadin wani.

Ɗan Tudun Wada:
Biyun nan da ka kawo su ne zakaru, amma kada mu ɗauka duk haka suke. Na tsaka-tsakin suna da nasu ciwon. 'Yar sanda za ta gano maɓoyar mai kisa, maimakon ta kira abokan aiki sai ta tafi ita kaɗai cikin dare. Shaida zai kira waya ya ce “na san wanda ya yi, amma sai mun haɗu”, kai ma ka san ba zai kai wurin haɗuwar ba. Kyamarar tsaro kullum a ranar take lalacewa. Kuma yanzu sun ɗauki wata ɗabi'a ta cusa mai kisan gilla cikin labarin soyayya da barkwanci. Kana dariya a wannan fitowar, ta gaba an ɗaure mata a ɗakin ƙasa. Strong Woman Do Bong-soon haka yake, kamar finafinai biyu aka ɗinke wuri ɗaya.

Malamin Sakandare:
Ina bin ku tun ɗazu. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne na ramuwar gayya, musamman The Glory, saboda aikina.

Yarinya ce 'yar talaka da 'ya'yan masu kuɗi suka mayar abin wasa a makaranta, har da ƙona mata hannu da ƙafa da ƙarfen naɗe gashi. Wannan ma ba ƙage ba ne, an yi irinsa a wata makaranta a Cheongju a 2006. Abin da fim ɗin ya yi daidai, wanda ni ya hana ni barci, shi ne manyan. Ta kai ƙara wurin 'yan sanda, aka sallami yaran saboda iyayensu. Malamin ajinta, da ta rubuta sunayensu a takardar barin makaranta, shi ya mare ta. Mahaifiyarta ta karɓi kuɗi ta sa hannu. Na yi aiki a makarantar kwana, na san yadda ƙaramin ɗalibi ke shigowa aji da tabo ka tambaye shi ya ce faɗuwa ya yi, na kuma san yadda ake cewa “a rufa asiri, sunan makaranta”. Duk malami ya kamata ya kalli kashin farko na fim ɗin nan.

Inda na rabu da shi kuwa shi ne maganin da ya bayar. Ta kwashe shekara 18 ba ta da wata rayuwa sai shirin ramuwa, har ta zama malamar ajin 'yar wadda ta zalunce ta don ta kusance su. Kuma komai ya tafi mata daidai, ga likita mai kuɗi ya ba ta kansa ya zama takobinta. Yaron da ake zalunta a gaske ba shi da wannan likitan. Vincenzo da Taxi Driver ma hanyar ke nan: hukuma ta ruɓe, don haka ka ɗauki doka a hannunka, kuma a nuna azabtar da mugu dalla-dalla don mai kallo ya ji sanyi. Mu da muka ga abin da taron jama'a ke yi wa wanda aka yi wa ihun ɓarawo, bai kamata wannan sanyin ya rinjaye mu ba.

Abu Haidar:
Malam, amma ai ita ba ta ɗaga hannu ta doki kowa ba. Haɗa su ta yi suka ci junansu. Ni a ganina fim ɗin bai ce “ku yi haka” ba, cewa ya yi “ga abin da kuke haifarwa in kun toshe ƙofar adalci”.

Malamin Sakandare:
Haka babba zai fahimta, Abu Haidar. Ni ɗan aji uku nake tunani.

Hajiya Babba:
'Ya'yan nan kun cika mu da Koriya. Mu da Indiya muka tashi, tun ana zuwa silima, kuma har yau ina kallon nasu na talabijin. Abin da nake so a ciki shi ne gida. Uwar miji, matan 'yan'uwa, kaka mai faɗa a ji, girkin babban gida, wa aka fi so wa aka ware. Wannan rayuwarmu ce. Balika Vadhu da ya ɗauko auren ƙananan yara a Rajasthan, farkonsa ya sa ni kuka, don na san waɗanda aka yi wa haka.

Amma tsakani da Allah ba su san tsayawa ba. Wancan ɗin daga 2008 har 2016, kashi sama da 2,000. Yeh Rishta Kya Kehlata Hai tun 2009 ake yi, ya haura kashi 4,000. Miya ce ake ta ƙara wa ruwa don baƙi ba su daina zuwa ba, har ka rasa ɗanɗanon kuka a ciki. Wanda ya mutu ya dawo da sabuwar fuska, a tsallake shekara 20 amma uwa da 'ya kamar sa'o'in juna, a yi mari ɗaya a nuna fuskar kowa sau uku da tsawa.

Ummu Sultan:
Hajiya ai har wadda ta rikiɗe ta zama ƙuda an yi, a Sasural Simar Ka. Kuma dawo da matacce tun Kyunki Saas Bhi Kabhi Bahu Thi ne, da aka kashe mijin jarumar masu kallo suka tayar da hankali, aka dawo da shi da ciwon mantuwa. Dalilin ɗaya ne, kusan kullum ake haskawa kuma muddin ana kallo tasha ba za ta bari a rufe ba. Na Filifin ma haka, Ang Probinsyano, wanda aka fi sani da Brothers a StarTimes, daga 2015 zuwa 2022, kashi 1,696.

Amma kada a yi wa Indiya kuɗin goro. Waɗanda suke yi don intanet daban ne. Delhi Crime kashi 7 ne a zangon farko, kan binciken fyaɗen da aka yi wa wata ɗaliba a cikin bas a 2012, kuma ya ci kyautar Emmy ta ƙasa da ƙasa a 2020. Babu waƙa, babu tsawa, 'yan sanda ne gajiyayyu da ƙarancin kayan aiki.

Hajiya, in gida kike so kuma a gama, ki koma na Pakistan. Zindagi Gulzar Hai kashi 26 ne kacal. Uba ya ƙara aure saboda uwargida mata kawai take haifa, ya tattara ya koma wurin amarya mai ɗa namiji, ita kuma uwar, shugabar makarantar gwamnati ce, ta riƙe 'ya'yanta uku ta ilimantar da su. Babbar damuwar jarumar ba soyayya ba ce, yadda za ta yarda da namiji ne bayan abin da ta ga ubanta ya yi. Ga salla, ga neman aure ta hannun iyaye. Marubuciyar, Umera Ahmad, daga littafinta ta ɗauko, shi ya sa labarin na da kai da gindi. Aibin na Pakistan dai yawan kuka, da nuna cewa mace tagari ita ce mai shanye kowace irin cuta.

Hajiya Babba:
Allah ya yi miki albarka 'yata, wannan zan sa a turo mini.

Auta:
Akwai abin da ba a taɓo ba, yadda suke nuna mu. A 2017 MBC ta nemi afuwa kan Man Who Dies to Live saboda yadda ya yi wasa da shigar Musulmi da al'adunsu. A 2023 masu King the Land ma sun nemi afuwa kan wani yariman Larabawa da suka nuna mashayi mai bin mata. Wanda ya hau matsayin ma ba Balarabe ba ne, ɗan Indiya ne, shi ne Ali na Squid Game. Gwamnatin Suriname, wata ƙasa a Kudancin Amurka, ta yi ƙorafi a 2022 kan yadda Narco-Saints ya nuna ƙasarsu. Afirka kuwa yawanci wurin da likita ke tafiya aikin agaji ne in an yaudare shi. Suna sayar wa duniya, amma har yanzu da yawa daga marubutan ba su san duniyar ba.

Maman Ihsan:
Wannan gaskiya ne Auta, kuma yana ɓata mini rai fiye da haɗarin motar. Badamagare, maganarka ta cewa mai labarin kisa ya san ƙarshensa ta zauna mini. Amma ina ganin na soyayya ma zai iya, in ya yarda cewa zaman aure kansa labari ne. Na Sin fa? Ba wanda ya ce komai.

Badamagare:
Na Sin biyu ne, Maman Ihsan. Akwai na fada da sarauta masu tsawo, Story of Yanxi Palace kashi 70, makircin matan sarki, kishi tsantsa. Tsawon ya yi yawa har a 2020 hukumar da ke kula da talabijin ta nemi a daina wuce kashi 40, don an gane ana jan labari ne saboda ana sayar da shi kashi-kashi. Sai kuma gajerun na bincike, kuma nan suka ba ni mamaki. The Bad Kids na 2020 kashi 12 ne. Fitowar farko, malamin lissafi ya kai surukansa hawan dutse, yana gyara musu zama zai ɗauke su hoto, sai ya tura su ƙasa. Ka ga mai kisan tun minti na farko. Yara uku da ke wasa a wurin suka ɗauke shi a bidiyo ba da saninsu ba, kuma maimakon su kai wa 'yan sanda sai suka nemi ya ba su kuɗi. Daga nan tambayar ta koma kan yaran, musamman mai ƙoƙarin cikinsu da ubansa ya yi watsi da shi ya koma wa sabon iyali. Matsalarsu takunkumi. Dole mai laifi ya gamu da hukunci, dole hukuma ta fito da mutunci, don haka ba za ka ga irin tonon da Stranger ya yi wa ofishin masu gabatar da ƙara ba. Sai dai su ɓoye abin da suke nufi, mai lura ya tsinta.

Anti Mai Ɗinki:
Ni roƙona ga masu fassara ne. Na karɓo wani na bincike a wurin masu turi, uwa na kuka a kan gawar ɗanta, mai fassarar kuma yana ta zuba barkwanci. Allah ya saka musu, don ba don su ba da yawanmu ba za mu fahimta ba, amma wurin kuka a bar mu mu yi kuka.

Ɗan Tudun Wada:
Wanda zai fara Stranger ma ya nemi mai rubutu a ƙasa in zai iya, don sunaye da muƙamai na da yawa kuma kowace kalma na da aiki. Zango na biyu, na 2020, ya fi nauyin tafiya, rabinsa zaman taro ne kan rikicin 'yan sanda da masu gabatar da ƙara game da wa ke da ikon bincike, abin da ake ta ja a kansa a ƙasar a lokacin. Wasu sun gaji sun ajiye shi a tsakiya. Ni na kai ƙarshe, kuma duk abin da aka jefar a farko kamar ba shi da amfani sai da aka dawo aka ɗauke shi.